MAKULLIN GIDANKA YANA HANNUN WA IN DARE YA YI?



Darasinmu na yau tambaya ce ga magidanta. In wuta ta tashi a gidanka ƙarfe biyun dare kana Funtuwa ko Kano, matarka ta san inda makullin ƙofa yake? Na san wani zai ce, "Malam, ai Allah ne Mai tsarewa." Haka ne. Amma Bukhari ya ruwaito cewa Annabi (SAW) yakan ware wa iyalansa abincin shekara, kuma babu wanda ya kai shi tawakkali. Haka Annabi Yusuf (AS), da ya fassara mafarkin sarki sai ya ba da shawarar a bar hatsi cikin zangarniyarsa shekara bakwai kafin fari ya zo.

Game da wuta kuwa, Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Musa cewa wani gida ya ƙone da mutanensa cikin dare a Madina, sai Annabi (SAW) ya kira wuta abokiyar gaba, ya yi umarni a kashe ta in za a kwanta. A lokacin fitila ce. Yau kuma hita ce da aka bari cikin bokiti bayan an ɗauke wuta, aka manta, aka maido ta kowa na barci. Ko kaskon garwashi a ɗaki rufe lokacin hunturu, ko janareto a zaure, hayaƙinsa yana kisa ba tare da mutum ya farka ba. Ko jarkar fetur a ƙarƙashin gado, wai ana jiran ya yi tsada. Mu Katsinawa mun ga abin da wuta ta yi wa Babbar Kasuwa a watan Maris na 2021.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda muke gina gidaje yanzu. Tsoron ɓarayi ya sa kowace taga ƙarfe, ƙofa ɗaya, kwaɗo biyu, makulli kuma a aljihun maigida. Wallahi wannan ba kishi ba ne, ganganci ne. Ka yanko makulli na biyu, ka rataye shi inda uwargida da babban yaro za su lalubo ko cikin duhu. Taga ɗaya aƙalla a sa mata ƙarfe mai buɗewa. Ka zaunar da su ka koya musu cewa in mai ya kama wuta a tukunya ba a zuba ruwa, murfi ake kifawa. In an ji warin gas kada a taɓa makunnin lantarki, a rufe tukunyar gas, a buɗe tagogi, a fita. Lambar 112 da ta maƙwabci biyu a rubuta a bango, don ranar tashin hankali waya ma ɓacewa take.

Ruwa ma da dare yake cin mutane. Ambaliyar Jibiya ta watan Yuli 2018 cikin dare ta zo, ta tafi da sama da mutum 40. Wanda gidansa ke kusa da rafin Ginzo ko babbar kwata, ya yanke tun rani gidan wa za a kai yara da tsofaffi in ruwa ya shigo. Katangar ƙasa da ta tsage a gyara ta kafin Agusta. Masu juye shara a kwata kuma, ku sani in ta toshe ruwan gidan maƙwabci yake shiga, haƙƙi ne a kanku.

Takardun gida, na makaranta, katin asibiti da maganin mai hawan jini ko ciwon suga, a haɗa su a leda ɗaya cikin jaka, da tocila da 'yan kuɗi a hannu, a ajiye kusa da ƙofa. Kada a kai ta ƙasan akwatin lefe.

Allah Ya tsare mu da iyalanmu.