Matakan Tace Tsofaffin Gilasai Idan Za Ka Koma Kyamara Marar Madubi

Sayen kyamara marar madubi ba ya tilasta maka rabuwa da gilasan da ka tara. Da aka cire madubin, tazarar da ke tsakanin bakin kyamara da sensa ta ragu: a Canon daga milimita 44 ta EF zuwa 20 ta RF, a Nikon daga 46.5 ta F zuwa 16 ta Z. Adafta ce ke cike wannan giɓin, sai tsohon gilashi ya zauna daram. Amma ba kowanne ne ya cancanci ya bi ka ba. Tanadi tocila, biro da takarda, jarida, adafta da sabuwar kyamarar, ko da ta aro ce, ka ware yini guda.

1. Jera gilasan duka a kan tebur mai tsabta. Rubuta sunan kowanne daidai yadda yake a jikinsa. Kada ka tsallake ƙananan haruffa irin su EF-S, DX ko AF-S, domin su ne za su yanke hukunci a gaba.

2. Buɗe hotunan da ka ɗauka cikin shekara guda a kwamfuta. Bayanan hoto galibi suna nuna gilashin da ya ɗauke shi. Wanda bai fito ko sau ɗaya ba, tura shi gefe, komai tsadarsa.

3. Duba lafiyar sauran. Cire murfin gaba da na baya, ka haska tocila ta baya kana leƙawa ta gaba a karkace. 'Yar ƙurar hunturu ba ta ɓata hoto, kada ta tsorata ka. Abin gudu shi ne funfuna, wadda laimar damina ke haifarwa, tana kama da saƙar gizo a cikin gilashin. Haka ma hazo, da maiƙo a kan ganyayen ƙofar haske. Mai funfuna, raba shi da sauran tun yau.

4. Yanzu tambayi kanka: zai yi saiti da kansa ta adafta? A nan mutane suka fi tafka asara. Gilasan Canon EF, da aka fara yi tun 1987, kowanne mai saitin kansa yana da injinsa a ciki, don haka suna aiki lafiya a kan RF. Nikon kuwa sai an lura. Adaftar FTZ tana saita AF-S da AF-P da AF-I, amma tsofaffin AF da AF-D suna jiran kyamara ta juya su da wani ɗan sukuru, ita kuma FTZ ba ta da wannan injin. Da hannu za ka riƙa saita su. Ga mai ɗaukar hoton biki, inda amarya ba ta tsayawa jiran kowa, wannan babban cikas ne. Tsofaffin Sigma da Tamron kuma, duba shafin kamfanin, wasu sai an sabunta musu manhaja.

5. Kwatanta gilashi da girman sensa. EF-S da DX na ƙaramar sensa ne. Ka ɗora su a kan babba, kyamara za ta yanke gefuna, megafiksel 24 na Nikon Z6 ya koma wajen 10.

6. Yi gwaji. Manna jarida a bango, kafa kyamara a kan abin da ba ya motsi. Ɗauki hoto da ƙofar haske a buɗe gaba ɗaya, sannan a f/5.6, sannan a f/8. Faɗaɗa hotunan a kwamfuta, ka karanta rubutun tsakiya da na kusurwoyi huɗu. Idan kusurwa ɗaya ta fi sauran dushewa, gilashin ya goce a ciki. Kada ka yi saurin yanke wa 50mm ko 85mm hukunci da tsohon halinsa. Sabuwar kyamara a kan sensa take saiti kai tsaye, shi ya sa gilashin da ke yawan kuskuren ido a da yakan dawo yana kamawa sarai.

7. Rataya kyamarar da adafta da gilashin, ka yi awa guda kana aiki. Adaftar Canon tana ƙara tsawon milimita 24, nauyi ya rinjaya gaba. Ɗauki ɗan bidiyo kuma, ka saurara ko ƙarar injin saiti na shiga cikin sauti.

8. Raba su kashi uku: na riƙewa, na sayarwa, da na jira. A ganina, 70-200mm f/2.8, da gilashin ɗaukar ƙananan abubuwa, da masu buɗewa f/1.4 ko f/1.8 su ne na riƙewa, don yawancin sababbinsu na da tsada. Ɗan 18-55mm da ya zo da tsohuwar kyamara, haɗa su ka sayar tare, ya fi daraja a haka. Tsofaffin na hannu irin Canon FD ko Helios 44 ba sa kawo kuɗi mai yawa, alhali sabuwar kyamara tana haska maka wurin da saiti ya kama da launi. Riƙe ɗaya da kake so.

9. Na jira, ba su wata uku. Ajiye su a akwati mai rufuwa da ƙunshin silika mai tsotse laima, ka riƙa shanya silikar. Wanda wa'adin ya cika ba ka ɗora shi ba, sayar da shi, ka kuma faɗa wa mai saye duk aibin da ka gano a mataki na uku.