Marubucin Labarin Fim da Hanyar Shigar da Hajarsa: Daga Babban Mutum Zuwa Kano

Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin duba wani rukuni na marubutan Hausa da manazarta ba su cika kulawa da shi ba, watau masu rubuta labarin fim, musamman sabon shiga wanda ke zaune nesa da Kano. Don a ji daɗin bayani, za a ɗauki misalin matashi mazaunin Babban Mutum, a ƙaramar hukumar Ɓaure ta masarautar Daura, wanda ya gama rubuta labarinsa, ya rasa wanda zai miƙa wa.

Tun farko dai fim ɗin Hausa a jikin rubutu ya tsiro. Littafin Shehu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa sai da Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mai da shi wasan kwaikwayo, sa'an nan Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa a 1976. Turmin Danya kuwa, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990, Aminu Hassan Yakasai ne ya rubuta shi. Haka kuma Ado Ahmad Gidan Dabino ya mai da littafinsa In Da So Da Ƙauna fim a 1994. Abin lura a nan shi ne, waɗannan biyun na ƙarshe ba su yi tallar labari ga kowa ba. Suna cikin ƙungiya, su ne marubuta, abokansu ne 'yan wasa.

Da sana'ar ta bunƙasa, musamman bayan fitowar Sangaya a 1999, sai al'amari ya juya. Kuɗin shirya fim ya koma hannun furodusoshi da 'yan kasuwar kaset irin na Ƙofar Wambai, su kuwa abin da suka fi tambaya shi ne wane jarumi zai fito, kuma waƙa nawa za a sa. Marubuci ya zama ɗan ƙwadago, ana ba shi labari a dunƙule ya tsara fitowa-fitowa.

To, a cikin wannan hali ne ɗan Babban Mutum zai shiga mota zuwa Kano, ya nufi ofisoshin da ke Titin Gidan Zu. Abu na farko da zai gane shi ne, ba a fara karanta takarda, mutum ake fara sani. Sai ya sami wanda zai gabatar da shi, ko ɗan garinsu, ko marubucin littafi da suka haɗu a taron ƙungiyar marubuta. In an ba shi dama, da baki zai ba da labarin, cikin 'yan mintoci, waya na ta katse shi. A nan wanda ya tashi yana sauraron tatsuniya, ya san inda ake jan rai da inda ake sakin zare, ya fi wanda ya iya tsara takarda kawai. Wannan fage ne da ya kamata ɗaliban adabin baka su leƙa, domin tallar labari ita kanta fasahar baka ce.

Sai dai bakin da ke sayar da labari shi ke jefa shi cikin haɗari. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya, wadda aka sabunta a 2022, rubutaccen aiki take karewa, ba tunanin da ke cikin kai ba. Ke nan wanda ya zazzage labarinsa a zaure ba tare da rubutu ko shaida ko yarjejeniya ba, in ya ga kamanninsa a wani fim daga baya, da wuya ya sami abin kai ƙara. In kuma ya ƙi faɗi, ya koma gida da hajarsa.

Daga 2014, lokacin da tashar Arewa24 ta fara aiki ta kawo shirye-shirye irin su Daɗin Kowa, darajar marubuci ta ɗan ɗagu, domin shiri mai dogon zango ba ya yiwuwa sai da rubutu mako-mako. Fina-finan YouTube irin su Izzar So, da ya fara a 2020, sun ƙara buɗe ƙofa, har matasan garuruwa na haɗa 'yan wasansu su ɗauki labarinsu da kansu, kamar yadda Tumbin Giwa ta yi. Amma ko a nan akwai ƙaya: mai zuba kuɗi a Kano yakan nemi a goge Dauranci daga bakin taurarin labari, a mai da shi karin Kano.