Filin Jirgin Saman Inugu: Me Ke Sa Kamfani Ya Buɗe Sabuwar Hanya?

A watan Yuli na 2025 Gwamna Peter Mbah ya ƙaddamar da kamfanin Enugu Air da jirage uku ƙirar Embraer, aka kuma ambaci Kano cikin biranen da ake nufin kaiwa bayan Abuja da Legas. Wannan batu ya shafi 'yan kasuwar Arewa mazauna unguwannin Hausawa na Inugu, da takwarorinsu na Anacha da Fatakwal. Saboda haka darasinmu na wannan mako shi ne yadda kamfanin jirgi ke auna sabuwar hanya kafin ya zuba kuɗinsa.

Abu na farko da yake dubawa shi ne lafiyar filin. Filin Akanu Ibiam da ke Emene an rufe shi a 2010 domin gyara. An sake rufe shi a watan Agusta na 2019 saboda lalacewar titin saukar jirage, gwamnatin tarayya ta ware Naira biliyan 10, ba a buɗe ba sai Agustan 2020. Kamfanin da ya ɗauki ma'aikata ya sayar da tikiti ba ya manta irin wannan shekara.

Na biyu, kuma mafi nauyi, shi ne kujeru. Kujerar da jirgi ya tashi da ita babu kowa ta zama asara har abada, domin ba buhun wake ba ce da za a ajiye a sito a jira farashi. Man jirgi kuwa sai an saya, ko da fasinja goma ne a ciki. A 2022 kamfanonin Nijeriya sun yi barazanar dakatar da aiki bayan lita ta tashi daga kimanin Naira 190 zuwa 700. Nan ne girman jirgi ke da muhimmanci. Fasinja 40 sun kusa cika ƙaramin Embraer mai kujeru 50, irin wanda United Nigeria ya fara aiki da shi a 2021, amma a jirgi mai kujeru 140 asara ce tsantsa. Kuma tilas a cika zuwa, a cika dawowa.

Kamfanin jiragen Habasha ya fara sauka a Inugu a watan Agusta na 2013, kuma sirrin hanyarsa a fili yake: yawancin fasinjojin ba Addis Ababa suka nufa ba, can suke sauya jirgi zuwa Dubai da Sin sarin kaya. Hanyar Kano ba ta da cikakken irin wannan gata. Shanu da albasa da tumatir a mota suke saukowa Kudu, galibin masu su kuma motar dare suke bi. Fasinjan jirgi shi ne babban dillali, da ma'aikaci, da mai zuwa Umra, da ɗan kasuwar Inugu mai hulɗa da Kantin Kwari ko Dawanau. A ganinmu waɗannan za su iya riƙe ƙaramin jirgi sau biyu ko uku a mako, amma da wuya su riƙe na kullum tun daga farko.

Sai kuma kishiyoyi. Mutumin Anacha yana da filin Asaba a ƙetaren Kwara, ga na Umueri da aka buɗe a Disamban 2021. Na Fatakwal yana da Omagwa. Kada a lissafa su duka a matsayin fasinjojin Inugu.

Abin da ƙungiyoyin 'yan kasuwa za su iya yi shi ne tattara adadin mambobinsu da ke zuwa Kano ta Abuja a kowane wata, da ranakun da suka fi tafiya, su miƙa wa kamfanonin a rubuce. Da irin wannan lissafi ake tsara jadawalin tashi.