Haƙƙin Mai Keke Bisa Hanya

Wanda duk ya bi hanyar Kano zuwa Bichi, ko wadda ta nufi Ɗambatta, ya san ƙasar nan cike ta ke da mutane. Gona na manne da gona, ƙauye na hangen ƙauye. A irin wannan wuri keke, wanda mutanen da ke kira basukur, shi ne jakin talaka na biyu. Da shi a ke kai hatsi Dawanau, da shi ɗan makaranta ke isa aji. Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023 kuwa, waɗansu da suka jingine shi sun sāke ɗauko shi. Saboda haka gardamar da ke tsakanin direbobi da masu keke ta isa a yi nazarinta.

Direba ya kan ce, "Ni na ke biyan kuɗin lamba da lasin da inshora. Mai keke ba ya biyan kome, don me zai tare mini hanya?" Mai keke kuma ya ce, "Kafin a zuba kwalta kakana ke bin turbar nan." To, bari mu auna maganar ta fuska uku.

Ta fari, haraji. Doka ba ta manta da keke ba. A zamanin En'e a kan yanki lasin keke, a liƙa masa lamba. Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 kuma ya sa ba da lasin keke da amalanke da kwalekwale cikin ayyukan Ƙaramar Hukuma. Amma fa ba da kuɗin lamba kaɗai a ke gina hanya ba. Daga baitulmali a ke ɗebo yawancin kuɗin, shi kuwa baitulmali na kowa ne, har tsohuwar da ba ta taɓa hawan kome ba.

Ta biyu, ɓarna. Daga 1958 zuwa 1960 masana a Amurka suka yi gwaji, suka bi da motoci masu nauyi iri iri bisa hanyoyin da aka gina musamman. Suka tarar idan an ninka nauyin da ke bisa ƙafafun mota sau biyu, cin da ta ke wa hanya ya kan ƙaru wajen sau 16. Ku gwada wannan lissafi tsakanin babbar mota mai buhu ɗari da keke mai buhu ɗaya. Za ku ga ramukan hanya ba aikin keke ba ne. Ashe wanda ya fi cin hanya shi ya kamata ya fi biya.

Ta uku, rai. Idan mota da keke suka yi karo, ba a tambayar wanda za a ɗauka a makara. Shi ya sa Ingila tun 1888 ta lissafa keke cikin ababan hawa masu haƙƙi bisa hanya, ta kuma ɗora masa fitila da ƙararrawa. Watau haƙƙi da wajibi tare suka zo. Mu ma haka ne. Tun 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya ta koma bin hannun dama, mai keke kuwa yana cikin wannan doka. An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a 1988, Jihar Kano kuma ta kafa KAROTA a 2012. Amma ƙauyuka sun fi ma'aikata yawa, ba kowace mararraba za a sami mai tsaro ba.

Ga abin da ya wajaba ga mai keke. Ya bi dama, kada ya fuskanci motoci. Ya gyara birki. Da dare ya kunna fitila, ya sa jan abu mai ƙyalli a baya. Ya miƙa hannu kafin ya juya. Kada ya gicciya kara ko itace har ya fi faɗinsa nesa. Direba kuwa ya rage gudu cikin gari da bakin kasuwa, ya ba da fili in zai wuce, balle da hunturu sa'ad da hazo ke rufe ido. Ita kuma Ƙaramar Hukuma, in ta karɓi kuɗin lasin, ya kamata talaka ya ga amfaninsu, ko da cike gefen kwalta ne inda ruwan damina ya zaizaye, gama nan ne mai keke ke tserewa in an matse shi.

'Yan'uwana masu shirin koyarwa, yawancinmu makarantun ƙauye za a tura mu, inda yara ke zuwa bisa kekuna, biyu biyu. Ku zana hanya a filin makaranta da toka, ku sa waɗansu su zama motoci, waɗansu kekuna, ku koya musu tsayawa da dubawa da miƙa hannu. Rigakafi ya fi magani. Allah ya kiyashe mu da mugun ji da mugun gani, amin.