Darasi: Yadda Za Ka San Buhun Da Zai Koma Gari Kafin Ka Biya Kuɗi



Shekarar da na fara kiwon tarwaɗa na sayi buhu 20 na abincin kifi, na jibge su a ɗaki. Da na kai kan na ƙasa, sai na tarar da gari fal a gindin buhu. Kifi bai ci ba, garin ya nutse ya ɓata min ruwa. Wallahi na ji asarar nan.

Abin haushin, an koya mana wannan a jami'a. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwidin, Waloddi Weibull, ya wallafa wata hanyar ƙididdiga a 1951, wadda injiniyoyi ke amfani da ita wajen hasashen farfashewar yashi da tsakuwa idan nauyi ya danne su. Ba wanda ya san wace ƙwaya ce za ta fashe, domin kowacce da irin tsagar da ta ɓoye a cikinta. Amma in ka gwada da yawa, za ka iya faɗin kashi nawa cikin 100 za su fashe. Kuma babbar ƙwaya ta fi yiwuwar ɗauke da muguwar tsaga.

To, ga yadda za ka yi a gida:

1. Ɗebo daga sama, tsakiya da ƙasan buhu, a buhuna aƙalla 5. Hannu ɗaya daga bakin buhu ruɗarka zai yi.
2. Tankaɗe da rariya, ka auna giram 500 na lafiyayyun ƙwayoyi.
3. Zuba a gwangwani mai murfi, ka yi ta jujjuyawa minti 10. A masana'anta ma giram 500 da minti 10 ɗin ne, sai dai inji ke juyawa.
4. Sake tankaɗewa ka auna.

Misali, in giram 450 ya rage, kashi 10 ya tafi. A buhu mai kilo 15, kilo 1 da rabi kenan. A buhu 20, ka yi asarar buhu 2 cur.

Masu kaji, ku ma ya shafe ku: kaza tana tsince manya ta bar gari.

Amfanin gwajin shi ne kwatanta kayan dillali biyu. Sai dai girman ƙwaya, gwangwani da lokaci duk su zama ɗaya.

Ku gwada, ku faɗa min abin da sikeli ya nuna. Allah Ya sa albarka a kiwo.