Ta Ina Wayar Eriya Za Ta Shiga Gida? Shawarwari Ga Mazauna Khartum Da Omdurman

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023 ya bar gidaje da yawa a Khartum, Omdurman da Bahri babu waya a jikin bango, an tsige ta saboda tagullarta. Duk wanda ya koma zai sake ja, har da ta eriya: ko ta masu sha'awar rediyon magana, waɗanda lambar kiransu a Sudan take farawa da ST, ko ta dish. Yanzu ne lokacin zaɓar mashigarta da hankali, tun magini bai gama yaɓe ba.

1. A fara daga ƙasa. Yawancin mutane suna duba inda teburin rediyo yake su huda bango a nan. Abin da ya kamata ya zaɓi wurin shi ne sandar tagullar da ake kafawa a ƙasa don sauke wutar tsawa, mai tsawon kusan mita 2.4. Wayar ta sauko daga soro ta bayan bango, a haɗa garkuwarta, wato saƙaƙƙen ƙarfen da yake kewaye da ita a ƙarƙashin roba, da sandar da gajeriyar waya mai kauri, miƙaƙƙiya, sannan ta shiga ɗaki. Idan gidan yana da tasa sandar ta wutar lantarki, lallai a haɗa su biyun. In an bar su a rabe, ranar da aradu ta faɗi kusa, wutar za ta nemi hanya daga wannan zuwa waccan, kuma ta cikin rediyonku za ta bi. Damunar Khartum gajeriya ce, Yuli zuwa Satumba, amma hadarinta da walƙiya yake zuwa.

Ƙasar ma ba iri ɗaya ba ce. Sassan Omdurman da yawa tsandauri ne mai dutse da yashi, kudancin Khartum kuwa baƙin laka ne mai riƙe danshi ya kuma tsage da rani. Busasshiyar ƙasa ba ta karɓar wuta sosai, don haka a nemi gefen da yake samun laima, kamar kusa da bishiyar tsakar gida. Kada kuma a buga ƙarfe a gidan da aka yi faɗa kusa da shi sai masu binciken ragowar harsasai sun duba. Wannan maganar rai ce.

2. Rami ɗaya ya isa. Wayar rediyo, ta dish da ta intanet duk su bi bututun roba guda mai ɗan faɗi.

3. A karkata ramin, bakinsa na waje ya fi na ciki yin ƙasa. Kafin wayar ta shiga, a bar ta ta sauko ƙasa da ramin ta sake hawa, ruwan da ya biyo ta ya ɗiga a wannan lanƙwasar. A tsofaffin gidajen ƙasa na Omdurman, waɗanda suke kira jalus, ɗigon da ya samu hanya cikin bango yana cin sa a ɓoye har ya zube. A kauce wa ƙarƙashin indararo. A kuma ɗaga ramin sama da inda ruwa ya taɓa kaiwa. Wanda ya ga ambaliyar 1988 ko ta 2020 ya san alamar a bangon gidansu.

4. A toshe bututun ciki da waje. Habub, guguwar ƙurar da take rufe birnin gabanin damuna da cikinta, ba ta raina ƙaramar kafa, haka kunama da gara. A yi amfani da abin da za a iya cirewa in an so ƙara waya, ba siminti ba.

5. A guji bangon yamma, wanda yake shan ranar la'asar a garin da zafinsa yake wuce digiri 40 a Mayu da Yuni. Kada kuma wayar ta kwanta a kan kwano. Zafi yana tausasa robar cikinta, rana tana busar da ta waje har ta tsattsage.

6. A nisanta da inbata. Tun da wuta ta yi wuya gidaje suka koma sola, inbata da cajarta kuwa suna cika rediyo da ƙugi, musamman a gajeren zango. Wayar sola ta bi nata gefen daban.

7. Tsawo asara ne. Siririyar waya RG-58 tana cinye kusan rabin ƙarfin na'ura a cikin mita 15 a kan megahaz 144. In mashigar da ta dace tana nesa da ɗaki, a sayi RG-213 mai kauri, ko a matsar da teburin. Ni dai na fi son a matsar da teburin. Kada a maƙale waya a taga ana rufe ƙyaure a kanta, kada kuma ta ratsa tsakar gida inda ake shimfiɗa gadaje da dare, yara suna guje-guje.

8. Sauraro daban, watsawa daban. Kafin a ɗaga eriyar watsa magana a nemi lasisi daga hukumar kula da sadarwa ta Sudan, a kuma sanar da maƙwabta abin da ake kafawa, domin doguwar sanda a kan soro a wannan lokaci tana iya jawo tambayar da ba a shirya mata ba.