Darasin Dillalan Mota: Laifin Kafireto Ne Ko Na Hanyar Mai?

Jama'a, 'yan kasuwa da dillalai, darasinmu na wannan fitowa a kan tsohuwar Peugeot 504 ne, wadda muke kira Fijo, da a-kori-kurarta mai ɗaukar kaya. An fara yin 504 a Faransa a 1968. Kamfanin Kaduna kuma ya soma harhaɗa motoci a 1975, ya yi ta fitar da ita har bayan shekarar 2000. Waɗanda suka rage a kan hanya yanzu, da wuya ka sami wadda ba a taɓa cikinta ba. Wata an ɗora mata injin 505, wata an sauya mata kafireto, wata an cire famfon manta an sa na lantarki. Irin wannan mota in ta soma cijewa, maganar kowa ɗaya ce: "Ai kafireto ne." Mai sayarwa ya faɗa don a ɗauka ƙaramin gyara ne, mai saye ya yarda ya biya. Bayan mako biyu kuma dillali za a zo a tsare, a ce ya ci la'ada a kan mushe.

Mu kanmu abin ya taɓa cin mu. Mun ɗauko tumatir daga Kadawa za mu 'Yankaba cikin zafin watan Afrilu, mota ta mutu sau uku a hanya. Kowace tsayawa sai bakanike ya kwance kafireto, ya wanke da fetur, ya busa, ya mayar. Kafin mu iso kasuwa ta tashi, kwandunan ƙasa sun zama ruwa. Ashe tiyon mai ne aka bi da shi kusa da salansa lokacin da aka sauya inji. Kafireto lafiyarsa lau.

Aikin kafireto shi ne gauraya iska da fetur, wajen kashi 15 na iska ga kashi 1 na fetur, a nauyi. Shi ba ya jawo mai daga tanki, kawo masa ake yi. Saboda haka in abin da ake kawo masa ya gaza ko ya yi yawa, komi wankin da aka yi masa ba zai gyaru ba. To kada a fara da shi.

A fara da wuta. A zare wayar fulogi ɗaya, a kusantar da bakinta ga ƙarfen inji, wani ya murɗa makulli. In tartsatsin shuɗi ne mai ƙarfi, madalla. In ja ne mai rauni, a nemi mai gyaran waya. Motoci da yawa da aka ɗora wa kafireto laifi, wutarsu ce ta lalace.

Sa'an nan a kashe mota, a cire murfin matacin iska, a leƙa maƙogwaron kafireto, a ja totur da hannu. In ka ga fetur ya yi tsartuwa ciki, watau mai yana isowa. In ba ka ga komi ba, sai ka koma baya, ka bi mai tun daga tanki.

Murfin tanki yana da 'yar ƙofar shan iska. In ta toshe, ko aka sa murfin wata mota, sai motar ta yi tafiya kaɗan ta mutu, ta huta ta tashi. Da ta mutu ka yi maza ka buɗe murfin. In ka ji ya zuƙi iska, ka kama ɓarawon, kuma gyaransa bai kai kuɗin shayi ba. Bayan wannan sai tsatsar tanki, da ruwa da yashi da ke biyo man jarka na 'yan bumburutu, da tsohon tiyo da ya tsattsage yana shan iska maimakon mai.

Famfon asali na 504 a jikin inji yake, inji ne ke motsa shi, a cikinsa akwai faifan roba mai numfashi. Gwajinsa ba wuya. A cire wayar kwayil don kada mota ta tashi, a zare tiyo daga bakin kafireto a sa cikin kwalba, a murɗa makulli. Mai ya riƙa fitowa da ƙarfi, bugu bayan bugu. Mai shan taba ya yi nesa. Daga nan a zaro sandar awon baƙin mai a sunsuna. In tana warin fetur, kuma man ya yi ruwa-ruwa ya haura alama, to faifan robar ya yage, fetur yana gangarawa cikin inji. Wannan kam sai a rage kuɗi sosai, don ba a san tsawon kwanakin da inji ya yi yana gudu da lalataccen mai ba. Waɗanda suka sha fetur mai yawan methanol da aka shigo da shi Nijeriya a watan Fabrairu na 2022 sun san yadda irinsa ke cin roba.

Yanzu ga inda muke so a natsu. Famfon lantarki iri biyu ne, kuma a kasuwar kayan gyara duk a tire ɗaya ake zuba su. Akwai wanda aka yi don kafireto, matsinsa kaɗan ne, wajen 0.2 zuwa 0.3 a ma'aunin da ake kira bar. Akwai kuma na motocin zamani masu fesa mai, wanda matsinsa ke kaiwa wajen bar 3, watau ninki goma. A cikin kafireto akwai ɗan kwano, da wani abu mai iyo a kan fetur, da allura. In kwanon ya cika, abin ya taso ya tura allurar ta rufe ƙofa. Ƙarfin allurar nan ba zai iya tare famfon motar zamani ba. Sai kwano ya tumbatsa, fetur ya riƙa ɗiga cikin maƙogwaro, salansa ta yi baƙin hayaƙi, mota ta ƙi tashi in ta yi zafi. Bakanike ya canza allura, ya lanƙwasa wannan ya daure wancan, gobe a koma gidan jiya. Maganinsa a mayar da famfon da ya dace, ko a sa abin rage matsi tsakaninsa da kafireto. Har wa yau famfon lantarki ya fi iya turawa da jawowa, don haka kusa da tanki ake ɗaura shi. Kuma a duba ko yana tsayawa in an kashe makulli. Mun ga wanda aka haɗa kai tsaye da batir. Irin wannan mota ko kyauta aka ba mu ba ma kwana da ita a gida.

Abin da ya same mu a hanyar Kadawa shi ne tafasar mai. Fetur ba ya son zafi. In tiyo ya bi kusa da salansa, ko aka yar da kaurin faifan nan da ke raba kafireto da zafin inji, sai man ya zama tururi, famfo kuwa ba ya iya tura tururi. Alamarsa, mota lafiya lau da safe, sai rana ta take ko an shiga cunkoso ta mutu. Tsofaffin direbobi kan jiƙa tsumma su ɗora a kan famfo. In ta tashi bayan haka, an gane ciwon, amma tsumma ba gyara ba ne. A janye tiyon.

Sai an gama duk wannan za a taɓa kafireto. Injin 504 akwai mai cc 1796, akwai mai 1971, kuma ƙofofin man da ke cikin kafiretonsu, waɗanda makanikai ke kira jet, ba girmansu ɗaya ba. A kafireton Solex lambar da ke jikin jet faɗin ƙofarsa ce: 130 yana nufin milimita 1.30. Wanda ya sa waya ya sosa ƙofar ya ɓata lambar har abada, motar kuma za ta sha mai kamar raƙumi. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023, wannan ba ƙaramar hasara ba ce ga mai jigilar kaya. In kuma kafireton wata mota aka ɗora da farantin maƙera, a nan iska ke satar shiga. Sai ka ji silo yana hawa yana sauka. Ka rufe rabin bakin kafireton da tafin hannu. In inji ya daidaita, iska ce ta yi masa yawa, a duba gindin da sandar totur. Da hunturu kuma ƙura kan toshe matacin iska, mota ta shaƙe. Waɗansu sai su cire shi su yar. Tana sakewa, gaskiya ne, amma ƙurar ringi take ci.

Dillali, kafin ka ce a taya, je da sassafe ka dafa inji. In da ɗumi, an riga an tayar da ita don kada ka ga yadda take tashi da sanyi, sai ka ce, "Alhaji, gobe na dawo." In silo ya yi sama fiye da kima, ka ce a rage a gabanka. Sa'an nan a kwance fulogi huɗun a jera. Ruwan ƙasa-ƙasa lafiya ke nan. Baƙi busasshe, fetur ya yi yawa. Fari fat, fetur ya gaza, kuma tafiya da ita haka tana ƙona bawul. Waɗannan biyu gyaran yini ɗaya ne, ana iya ciniki. Amma fulogi baƙi mai maiƙo, ga shuɗin hayaƙi a salansa, wannan baƙin mai ne ke hawa, ringi ko bawul sun tafi. Farin hayaƙin da ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi zafi, ga ruwan lagireto yana raguwa, gaskit ne. Su biyun nan sai an buɗe inji, kuma kuɗin buɗewar daga farashin motar za a cire shi kafin mai ita ya ce ya sallama.